Ranar Da Gawo Ya Yi Ganye

Tun ranar da aka kira Ɗahiru a waya daga ƙauyensu, Saratu ba ta sake gane kan mijinta ba. Mutumin da ke fita da adaidaita sahu tun da sassafe ya cika Gyaɗi-Gyaɗi da hon, sai ga shi zaune a ƙofar ɗaki yana wasa wata tsohuwar adda, wadda ko kabewa sai an yi da gaske take yankawa.

Bana ruwa ya yi latti a ƙauyen nasu, Kwarin Maje. Shukar fari ta ƙone, aka sake wata, sannan damina ta ɗauke ba sallama. Dawar fadama na tsaye ba ta gama nuna ba, sai shanun makiyaya suka shigo. Aka yi kaca-kaca, aka kashe shanu, aka sari yayan Ɗahiru a kafaɗa. Manyan gari suka yanke magana: duk ɗan garin da ke birni ya dawo da makami, wanda bai zo ba kuwa ya manta yana da gona a fadama.

"Gonar ubana ce fa, Saratu," in ji shi. "In zauna ina ɗibar fasinja a raba ta ina ji ina gani?"

"Baban Maryam, ni na ga farkon irin wannan abin, na ga ƙarshensa."

Ta gani kuwa. Garin iyayenta na can yamma, a kan saniya da gonar wake aka fara, yau ko kaza babu a cikinsa. Abin da ke ƙona mata rai shi ne duk masu bugo wayar nan ba mai tambayar me ya sa shanun suka shigo. Da ta matsa masa, sai ya ce a daƙile, "Wai gawo ya yi ganye."

Shi gawo itace ne mai taurin kai. Da damina, lokacin da kowane itace ke kore shar, shi zubar da ganye yake yi, ruwa na ɗaukewa ya tofo. Akwai wani babba a bakin fadamar Kwarin Maje, a kansa kakanni suka ƙulla alkawari da makiyaya: fadama ta manoma ce har gawo ya yi ganye, daga ranar kuma ta shanu ce. A da kafin ya tofo an gama girbi, shanu su ci kara su bar taki, kowa ya ci riba. Bana ya tofo a kan lokacinsa, dawa ce ba ta cika nata ba.

"To ai da gaskiyarsu kenan," in ji Saratu.

"Mu kuma mu ci me? Ganyen?"

Maganar ta ƙara ba ta haushi. Washegari ta tuna da Baba Zakariyya, tsohon da ya daɗe yana shiga tsakanin garin da makiyaya, wanda ciwon ƙafa ya dawo da shi Tarauni wajen 'yarsa Sadiya. Sai da ta yi fushi, ta yi kuka, ta ƙi ɗora tukunya, sannan Ɗahiru ya yarda ya kai ta. Ya cusa addar a buhu ya tura ƙarƙashin kujerar bayan adaidaita, wai daga can tasha zai wuce. Haka ta zauna a kanta har Tarauni.

Sun tarar da tsohon a inuwar zaure ya miƙe ƙafa. Ya saurari Ɗahiru har ya gama kumfar bakinsa, sannan ya yi dariya.

"Kai ɗan nan, ubanka ma da ya fi ka faɗin ƙirji bai taɓa zuwa fadama da adda ba sai don sassabe. Kana tsammani yau aka fara makarar girbi?"

"To da yaya ake yi, Baba?" Saratu ta riga mijinta.

"Goro, 'yata. Mai gari ya ɗauki goro ya je gindin gawon, a aika wa Arɗo, shugaban makiyayan, ya zo. A ajiye goro a tsakiya a roƙi kwanaki. Abin da aka roƙa a gindin itacen nan ba a hanawa, don nan kakanninsu suka dafa suka rantse. Ko jini aka zubar, nan ake zama a biya. Ba a gidan mai gari ba, ba a ruga ba, don ba mai yarda ya taka ƙofar wani."

Saratu ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ba ta jira komai ba ta gyara mayafi ta nufi kasuwar Tarauni da sauri, ta sa mai goro ya zaɓo mata manya-manya farare, ya ƙunshe a ganye. Tana tafe tana mita a ranta: gari guda na maza, da rawuna da gemu, a ce sai mace mai tuyar awara ce za ta tuna musu hanyar gidansu!

Da ta dawo, Sadiya ta riga ta kira mai gari ta ƙara muryar wayar yadda kowa zai ji. An gama gaisuwa, tsohon yana cewa, "Ga Ɗahiru nan zai taho da goro. Gobe ku aika wa Arɗo, ku haɗu a gindin gawo."

Sadiya ta duba ko wayar ce ta katse.

"Baba, ai babu gawo," in ji mai gari.

"Kamar yaya babu?"

"Samari sun sare shi shekaranjiya. Sun ce tunda ganyensa ne ke kiran shanu, su ga ta inda zai sake yin ganye. Na hana, ba su ji ba. An ma raba itacen gida-gida."

"Shi Arɗo fa?"

"Ya aiko. Ya ce alkawarin da gawo aka yi, tunda mun kayar da shi, ba rani ba damina, fadama ta mai ƙarfi ce. Ana cewa sun kira 'yan uwansu daga nesa, masu bindiga."

Baba Zakariyya ya kalli ƙafarsa mai kumburi, ya ce a hankali, "To a ina za a zauna?"

Takaici ya turnuƙe Saratu har ta kasa kuka. Da ta ga samarin nan a lokacin, da sai ta shaƙe su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗahiru ya miƙe ya yi wa tsohon sallama. A hanya ta yi magana har muryarta ta dishe: ya bari a nemi wani wurin zaman, ya tuna da Maryam, gona ba ta kai rai ba. Shi kuwa idonsa na kan titi. A ƙofar gidansu ya tsaya, bai kashe injin ba.

"Sauka, Saratu. Ɗaga min kujerar."

Ta sauka, amma ta ƙi ɗagawa. Shi ya zagayo ya jawo buhun ya ajiye kusa da ƙafarsa. Ta miƙa masa ƙunshin goron da hannu biyu.

"Ko dai ka tafi da shi."

Ya dube shi, ya dube ta. "In ajiye shi a ina?"

Ya ja adaidaitarsa ya fita titi. Tana tsaye da goron a hannu, har Maryam ta leƙo daga soro tana tambaya ko baƙi za a yi.