Jan Layi a Teburin Zarto

Ni ke kula da ɗakin ƙere-ƙere na jami'a, ni kuma ke gwada ɗalibai kafin a ba su bajo. Bajon nan ba na maƙalawa a riga ba ne, a cikin kwamfuta yake. Amma in ba ka da shi, ba ka gama kwas ɗin aikin katako ba, balle a yi zancen digiri. Sau uku ake gwada mutum a shekara. Doka ɗaya ce ke kayar da mutane: muddin zarto na juyawa, hannu ba ya tsallake jan layin da ke kan tebur. Akwai kyamara a sama, ita ke yanke hukunci. Ni dai tsayuwa ce tawa.

Baba Kafinta ya shekara talatin da biyu yana yanka katako, sha ɗaya daga ciki yana koyarwa a makarantar sana'a. Sai aka ba malamai wa'adin shekara huɗu, wanda bai kawo digiri ba ya nemi wani aikin. Haka ya zo jami'a ya zauna a aji cikin sa'o'in 'ya'yansa. Bana wa'adin ke cika, kuma wannan kwas kaɗai ya rage masa.

A gwajin farko ya ajiye sandar da ake tura katako da ita, ya tura da hannu kamar yadda ya saba. A na biyu katakon ya so karkacewa, hannun hagu ya kai masa ɗauki. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɗaliban da ba su san kan ƙusa da gindinta ba sun samu bajonsu tashi ɗaya, don tsoro ba ya barinsu su matsa kusa.

Na je wajen shugaban sashe.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan ya fi ni sanin injin. Yatsunsa goma cif."

"Na sani," in ji shi. "To ya zan yi? Ni kaina ba ni da ikon taɓa sakamakon. Haka aka tsara abin."

Mako guda muka yi muna maimaitawa, inji a kashe. Duk sanda hannun ya nufi layi sai in buga tebur, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Sabo turken wawa, ɗana. Ka ci gaba da bugawa."

Ranar gwaji na uku ya sa tabarau da abin toshe kunne, ya yi bisimilla. Ya ɗauki sanda ya tura katakon a hankali har ƙarshe, hannun hagu a bayansa kamar ɗalibin da aka tsayar gaban aji. Tun da na fara aiki ban ga yanka mai kyan wannan ba. Ya danna maɓallin kashewa.

Zarto ya fara rage gudu, bai gama tsayawa ba. Garin katako ya taru a gefen layi. Sai hannun ya fito ya tsallake layin ya share garin, shara ɗaya, irin ta kowane kafinta da ya gama aiki.

Kwamfuta ta yi ƙarar alamar ya faɗi, amma bai ji ba saboda abin da ke kunnensa. Ya ɗaga katakon yana duba bakinsa da ido ɗaya, yana murmushi.

"Yaya, ɗana? Wannan karon dai an dace ko?"

Na juyo masa da fuskar kwamfuta, na kunna hoton. Ya cire tabarau ya kalla. Ya ce in sake, na sake. Na so in ce akwai baɗi, amma mu biyun mun san kafin baɗi an ba wani ajin da yake koyarwa.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, garin katako na manne a jiki.

"Wallahi, ɗana," ya ce, "ban aike shi ba."