Fiton Sauke Tuta

A shekarun nan da aka ce kowa a Ingila ya tsuke bakin aljihu, an bi ɗakunan karatu da wuraren wasan yara ana garƙamewa, har abin ya iso kan wani ɗan gidan yinin tsofaffi da ke bayan Stratford Road a unguwar Sparkbrook ta Birmingham. Mutawakilu, mutumin zangon Kumasi, shi ke buɗe gidan da safe, ya goge ƙasa, ya dafa shayi, da yamma ya jawo ƙofar ƙarfe ya kulle.

Cikin tsofaffin akwai Bartholomew, mutumin Jos, tsohon soja da ya je Kwango da ƙuruciyarsa. Tsufa ta cinye masa Turanci tas, ta bar masa Hausar bariki, ita ma sai ya ga dama. Tun da ba mai jin Hausa a gidan sai Mutawakilu, shi ya zama bakinsa da kunnensa. Samanja Mutawakilu yake ce masa.

Da aka rufe gidan, 'yarsa Kaneng, wadda nas ce, ta rasa mai duba mata shi da rana. Sai ta kwashe shi suka koma Manchester inda mijinta ke aiki, don su riƙa karɓa-karɓa. Ba a daɗe ba ta bugo wa Mutawakilu waya.

"Baba Mutawakilu, don Allah me kuke ba shi a can?"

"Shayi da biskit, 'yata. Lafiya?"

Ina fa lafiya. Kullum rana ta karkata sai tsohon ya miƙe ya fita bakin ƙofa, ko rigar sanyi babu, ya tsaya ƙiƙam. A lallashe shi bai san ana yi ba, a ja shi ya yi kokawa. Ya ture surukinsa har surukin ya faɗi a kan matakala. Likita da social worker, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, sun ce ran Litinin za su zo, in abin bai sauya ba sai a kai shi gidan da ake kulle ƙofa, inda ba mai jin ko sannu da Hausa.

"A Birmingham ba ya haka," in ji ta. "Sai dai Asabar da Lahadi yakan ɗan yi rigima. Ku zo ku gan shi, ko zai ji maganarku."

Ran Asabar Asmawu matar Mutawakilu ta ƙulla masa shinkafa da wake da shito, yajin nan na mutanen Kumasi, ya hau doguwar motar Manchester a tashar Digbeth. Bai san abin da za shi yi ba, kunya ce kawai ta hana shi cewa a'a. Yana neman wurin zama sai ga Jumare, wani Bakano da ke karatun tarihi a jami'a, wanda yakan taso daga Selly Oak ya zo sallar Juma'a masallacinsu na Small Heath.

"A'a, Baba! Wannan ƙamshi haka, ko an fara sayar da abinci a mota ne?"

"Matsa can, ɗan nema. Ku Kanawa hancinku ya riga sallamarku isowa."

"Ku kuma 'yan zango da kuke ce wa mace ya zo."

"Mun ji. Kai shekara nawa kana karatun nan, har yau ba mu ga abin da ka karanto ba?"

Suka yi dariya, suka raba abincin. Mutawakilu ya ba shi labarin Samanja, Jumare ya girgiza kai ya ce Allah ya sawwaƙe. Can sun wuce Stoke rana ta leƙo ta taga tana dukan ido. Mutawakilu ya miƙa hannu ya jawo labulen ƙasa, leɓɓansa kuwa suka kama fito da kansu, a hankali, kamar yadda suka saba duk lokacin da hannunsa ya jawo wani abu zai rufe.

Jumare ya ajiye cokali. "Baba, ka yi soja ne?"

"Ni? Ko bindigar wasa ban taɓa riƙewa ba."

"To ina ka samo wannan?"

Mutawakilu ya ji kunya. Dattijo da furfura a kama shi yana fito. A gida ma Asmawu ta hana, ta ce fito da magariba kiran aljanu ne, shi ya sa sai a wurin aiki yake yi in zai kulle. Ya ce ai na babansa ne. Mai begila ne a sojan Gold Coast, da ya bar aiki ya buɗe shago a zango, kullum zai rufe sai ya yi wannan fito. "Ni na ɗauka waƙar rufe shago ce."

"Gidanmu bayan barikin Bukavu yake," in ji Jumare, "da ita na tashi. Turawa retreat suke ce mata. Tsohuwar kalma ce, Baba. Da fari ja da baya take nufi, a ce runduna ta janye daga fagen fama. To garuruwansu na da masu ganuwa ne kamar Kano. In rana za ta faɗi sai a buga ganga, duk sojan da ke waje ya dawo a rufe ƙofa, sai sunan ya bi kiɗan. Da begila ta zo ta gaji ganga, ta gaji sunan. Har malaman cocinsu in sun shiga halwa, sunan da suke kiranta ke nan. Duk dai komawa ciki ne."

"To in an busa sai me?"

"Sai kowa ya ƙame inda yake, a sauke tuta. Aikin rana ya ƙare, masu gadin dare su karɓa. Kafin a busa kuwa, wanda aka tsayar ba ya barin wurinsa, ko uwarsa ce ta zo kiransa."

Jumare ya ci gaba da zuba, ya shiga ƙarni kaza da sarki wane, amma Mutawakilu ya daina ji. Jikinsa ya yi sanyi. Kullum in zai jawo ƙofar ƙarfen nan, Samanja na tsaye gefensa a miƙe, sai an gama ya juya ya shiga motar 'yarsa salin-alin. Shi duk zatonsa motar yake jira. Asabar da Lahadi kuwa ba a buɗe gidan, balle a rufe.

Lokacin hunturu ne, rana ba ta daɗewa. Kafin bas ta sauke shi a layin su Kaneng a Longsight, sama ta yi ja a bayan rufin gidaje. Tun daga nesa ya hango shi. Tsoho ne dogo, ya rame, sanye da 'yar shara da silifa, yana tsaye bakin ƙaramar ƙofar shinge, hannuwa manne da cinya. Kaneng na bayansa da bargo.

"Baba, ka shigo mana. Baba, abinci zai huce."

Mutawakilu ya matso. "Samanja, barka da yamma." Ko ƙifta ido bai yi ba. Leɓɓansa sun yi fari don sanyi, gwiwoyinsa na kaɗawa, amma ya ƙi bari su lanƙwashe. Yau mako nawa ke nan bawan Allah yana gadi, kowa na ce masa ya zauna, ba wanda ya sallame shi.

"Ja baya kaɗan, 'yata," in ji Mutawakilu.

Ya dubi sama. Magariba ce sosai, daidai lokacin da uwarsa kan buge masa baki in ya kuskura. Ga mutane na wucewa, ga shi da gemu da hula. Ya ce a ransa, aljanun Manchester dai sai su yi haƙuri yau. Ya yi bismilla, ya tsuke baki. Na farko iska ce kawai ta fito. Ya lashi leɓe ya sake.

Waƙar ta fito siririya, ta hau, ta sauko, ta kuma hawa. Bai taɓa yin ta da ƙarfi haka ba, bai kuma taɓa sauraronta ba sai yau. Yana kallo bayan tsohon nan ya miƙe kamar an zare masa shekaru, ƙirji ya fito, diddige ya haɗu da diddige, silifa ta ce ƙas. Hannun dama ya tashi a hankali har ya kai goshi, ya tsaya cak, babu rawa ko kaɗan. Idanunsa na bin wani abu daga sama zuwa ƙasa, sannu sannu, a wurin da ba komai sai sandar fitilar titi.

A tsallaken titi wani tsohon Bature da ke jan kare ya tsaya. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Tsigar jikin Mutawakilu ta tashi. Wannan abu daga ƙasar nan aka ɗauke shi a jirgin ruwa, aka kai Kumasi, aka kai Jos, aka kai Kano. Masu busa shi sun mutu, tutar da ake sauke wa ma an sauke ta tun tuni. Ga shi ya dawo gida a bakin mai goge ƙasa, kuma har yanzu in ya yi magana ana tsayawa. Ya ga babansa a ƙofar shago, kwaɗon kulle a hannu, ashe shi ma sallamar kansa yake yi kullum. Da ƙyar ya kai ƙarshe.

Samanja ya sauke hannu. Ya juya a kan diddige, ya dubi Mutawakilu sama da ƙasa.

"Mai begila."

"Samanja."

"Ka makara."

"Tuba nake, ranka ya daɗe. Hanya ce."

"Gobe kada a kuma."

Ya wuce ta gaban 'yarsa, ya karɓi bargon ya yafa da kansa, ya shiga gida yana tambaya wa ke kicin yau. Kaneng ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na girgiza. Baturen ya mayar da hularsa, ya ja karensa ya tafi.

Mutawakilu ya nemi wuri a falo ya yi sallar magariba. Da ya sallame ya tarar tsohon ya kusa cinye tuwo, Kaneng kuma na jiransa da waya a hannu.

"Baba, ku sake yi in ɗauka. Ran Litinin zan ce wa su likita su zo da yamma su gani da idonsu."

"Ɗauki. Amma ki koya da bakinki, waya caji kan ƙare mata."

"Ni fa ban iya fito ba."

"Ni ma ban san na iya begila ba sai yau. Tsuke baki."

Ta tsuke, ta hura. Iska ta fito, da ɗan yawu. Ta kuma, wani abu ya fito kamar kukan buta a wuta. Mijinta ya leƙo daga kicin yana dariya, ta harare shi. Sai suka ji an buga tebur da cokali.

"Wane kurtu ne wannan?" in ji Samanja. Ya goge baki da bayan hannu. "Zo nan. Tsaya sosai. Daga farko."

Ya tsuke leɓe ya ɗauko mata ita tun daga kai, Kaneng na tsaye gabansa a ƙame tana bi.