Fitilar Baban Kumatu

Tun ranar da nas ta ce ya kamata jaririya Kumatu ta fara bin abu da ido, hankalin Maman Kumatu bai ƙara kwanciya ba. Ta kaɗa mata cokali, ta kaɗa makullai, yarinya dai sai kallon silin. Shi ne mijinta, mai gyaran wutar lantarki, ya shigo da akwatin gilashi da 'yan kifaye masu launi, wai babu yaron da ba ya bin kifi da kallo.

To mai gyaran wuta fa ba ya shiri da duhu. Ya ɗauko irin fitilar da ake haska harabar ma'aikata, ya ɗaura a saman akwatin, dare da rana tana ci. Kafin ka ce me, ruwa ya koma kore shar, gansakuka ta rufe gilashi, kifaye sun maƙale bayan dutse.

"Baban Kumatu, kifi ka kawo mana ko tafkin kwaɗi?"

"Haske ne bai isa ba. Bari in ƙaro ɗaya."

"Ƙaro mana, ka soya su gaba ɗaya mu huta."

Zama ya gagare ta. Ta saɓa 'yarta a baya, sai shagon mai sayar da kifin. Nan ta ga nasa suna ta yawo, kowane akwati da siririyar fitila a murfi, fara, mai sanyin haske.

"Yaya, waɗannan kifin ƙorama ne, inuwar bishiya suka saba da ita," in ji mai shagon. "Ki kunna da safe, ki kashe da yamma, su ma suna barci. Kuma ki janye akwatin daga bakin taga."

Ta dawo da siririyar fitila, ta goge gilashi, ta rage ruwan ta zuba sabo. Maigida ya haɗa yana gunaguni, wai wannan fitilar ko zare ba za ka iya zura wa allura da ita ba.

Kwanaki tana safa da marwa tsakanin kicin da akwati, Kumatu a kafaɗa. Rannan da hantsi wani mai jan wutsiya ya leƙo daga bayan dutse, ya yi hagu. Idon Kumatu ya yi hagu. Ya juyo dama, ta biyo shi har da kai, har da miyau.

"Ai ni na haɗa wayar," in ji Baban Kumatu daga bayanta.

Ko juyowa ba ta yi ba. Kifin ya sake yin hagu.