Jan Layi a Taswirar Matata

Kawu ya zo gidanmu ganin likitan ido, ya ce kwana biyu zai yi. Ido ya warke, Kawu bai tafi ba. Ya mallake doguwar kujerar falo da rimot, har ya fara koya mini yadda ake rufe ƙofar gidana.

Matata tana aiki a cibiyar nazarin yanayi. Suna da wata ƙatuwar kwamfuta da ke yanka gari gida-gida a taswira, ta lissafa inda ruwa zai kwanta idan sama ta ɓalle nan gaba. Wurin da ke cikin haɗari sai ya fito ja.

Na same ta a kicin, na rage murya. "Ki shafa wa layinmu ja mana, ko Kawu zai tsorata ya koma gida."

"Ni ba na ƙarya da aikina," in ji ta. Ta juya miya, ta ƙara da cewa, "Amma dama layinmu ja ne. Nan da shekara talatin, idan ba a gyara magudanar ruwa ba."

"To ki nuna masa."

"Ni wanka zan shiga. Kwamfutata tana kan tebur, a buɗe."

Na kai wa Kawu, na ɗora babban yatsana daidai kan shekarar don kada ya gan ta. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Da safe ya fita da wuri. Na ce a raina tasha ya nufa, har na fara share kujerata.

Sai ga shi ya dawo da tela, da mai kanti, da mai gidan hayarmu, kowa fuska a murtuke. Dole matata ta zaunar da su, ta faɗi shekarar, ta nuna musu kwalbatin da ya toshe a bakin layi.

"Shekara talatin ai gobe ne, 'yata," in ji Kawu.

Nan take suka kafa kwamitin yashe magudana, suka ba shi shugabanci.

Ranar Asabar ina cikin kwata har gwiwa da shebur a hannu. Kawu yana bisa kujera ƙarƙashin laima, yana nuna mini inda na tsallake. Matata ta leƙo ta taga, ta tambaye ni ko ta kawo mini ruwan sha, tana danne dariya.

Da yamma Kawu ya buga waya gida, ya ce a aiko masa da sauran kayansa.