Tsohon Direba Ya Yi Shiru

Shekara shida ina rubuta ra'ayina a wani shafi na intanet kan irin finafinan da ba kowa ke iya zaman kallonsu ba. Gyaran agogo ne sana'ata. Idan ciniki ya lafa da rana, sai in jingina waya da gwangwanin ƙananan kusoshi in kunna. Akwai wanda aka yi minti arba'in ana nuna wata mata tana jiran ruwa ya tafasa. Akwai wanda aka ɗauka gaba ɗaya daga ƙarƙashin teburin cin abinci, ƙafafu kawai ake gani. Matata takan leƙo ta ce, "Kai dai da son abin da ba shi da kai bare gindi."

Mutum ɗaya ne ke karanta ni da gaske, wani mai kiran kansa Tsohon Direba. Bai taɓa yarda da ni ba. Da na rubuta cewa fim ɗin tebur kan kaɗaici yake, sai ya amsa: "Ɗana, ba ka dubi takalman ba. Na mijin sabo fil, na matar ya sha ɗinki. Koma ka sake kallo." Na koma, na ga gaskiyarsa, na kwana biyu ina jin haushi.

Rana ɗaya kawai ya daina amsawa. Na rubuta sharhi huɗu, shiru. Har da gangan na yabi wani fim da na san ya tsana, ko zai fito ya wanke ni. Kafin in zare kwaɗon shago sai na duba shafin.

Bayan wata biyar saƙo ya zo daga 'yarsa. Ciwon suga ya cinye masa idanu. "Ina karanta masa rubutunka," in ji ta, "amma ya ce ba zai yi gardama kan abin da bai gani ba."

Ranar na tura ƙofar shago, na kunna wani sabon fim na wani mutum da ke fentin gidan da za a rushe. Na naɗi muryata ina faɗin abin da ke gabana kawai, bokiti, tsani, yadda yake jan burushi. Ban saka ra'ayina ba. Na tura wa 'yar ta kunna masa.

Washegari na ji muryar Tsohon Direba karon farko, siririya, ba yadda na zata ba.

"Kana sauri da yawa, ɗana. Da ya gama bangon, ya waiwaya ko bai waiwaya ba?"

Ban lura ba. Na sake kallo, na ce masa bai waiwaya ba.

"To ba gidansa ba ne," ya ce. "Gidan wani yake wa fenti."

Na tambayi 'yar inda suke. Tafiyar kwana biyu ce a mota. Na rubuta adireshin a bayan katin shago, na ce mata zan zo, amma sai an rufe makaranta, yarana sun sami hutu. Ta ce zai jira.