Yarinyar da Ta Ƙirga Shanun Kakanta

Da ƙwallon tsamiya Ikilima ta fara. Tun da iskar farkon damina ta kwashe rufin firamaren unguwarsu a Barade aka ce yara su zauna a gida sai an gyara. Damina ta wuce, wata ta shigo, ba wanda ya buga ko ƙusa. Sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar madafa, ta zaunar da 'yarta Dija mai shekara shida, ta zube mata ƙwallayen da suka rage bayan ta tace kunu.

"Ɗauki ɗaya ki ce ɗaya. Kada baki ya riga hannu."

Ita kanta Ikilima a aji biyar ta tsaya, amma abin da ta riƙe ta riƙe shi gam. Tana tuƙa tuwo tana sauraro, tana wanki tana gyara wa yarinyar kuskure. Dija kuwa kai gare ta kamar soso. Kafin gero ya fitar da kai ta wuce goma, ta daina tsallake sha uku, ta isa ashirin ba gargada.

Wata safiya maƙwabciyarsu Beatrice ta leƙo ta kan katanga. Ita ke dafa wa yara abinci a wata makarantar mishan a unguwar Majidaɗi.

"Maman Dija, wannan yarinya naka yana ƙirga kamar injin fa! Ji ni da kyau. Asabar mai zuwa Madam Lois, shugaban makarantanmu, zai ɗauki yaran unguwa kaɗan, kyauta, har da riga. Shekara shida kawai yake ɗauka. Ƙirga zuwa ashirin, shi ke nan. Ni ma zan kai yarona Noah."

"Kyauta kika ce?"

"Ni na taɓa yi maka ƙarya? Ka shirya shi kawai."

Ikilima ta ji kamar an buɗe mata taga a ɗaki mai duhu. Da mijinta Manga ya dawo daga tuƙa keke mai ƙafa uku ta faɗa masa, ya ce shi ba ya da ja, mahaifinsa Baffa ma ya ce a kai ta in dai ba za a raba ta da salla ba. Daga ranar ta ƙara wa darasi wuta.

"Duk abin da idonki ya gani, ƙirga shi," ta ce wa Dija. "Cokula, takalma, kwanuka. Kada ki bar komai."

Bakinta ne ya faɗa, kuma da bakin nata ta haƙa ramin.

Baffa Abbo, mahaifin Manga, mutumin daji ne da zama a gari bai taɓa karɓarsa ba. A da garkensa kan tare hanya har mota ta kashe inji ta jira. Ciwo ya ci wasu, rikici ya ci wasu, abin da ya saura ya koro su Jalingo ya ɗaure a bayan gidan ɗansa. Kowace da sunanta yake kiranta, ya san uwarta, ya san kakarta. Amma ko a mafarki ba ya faɗin yawansu. A wajensu ba a ƙirga abu mai rai. Wanda ya sa wa dabba adadi ya nuna wa mutuwa inda za ta rage. Ikilima ta taɓa jin haka, sai dai 'yar gari ce, 'yar tela, ta ajiye zancen tare da tatsuniyoyin tsofaffi.

Ran Litinin da hantsi tsohon yana ba shanun dusa da kanwa, Dija tana riƙe masa ƙwarya kamar kullum.

"Kaka, in nuna maka abin da na iya?"

"Nuna min, amaryata. Ko kin iya dama fura ne in fasa sakinki?"

Ta ajiye ƙwaryar, ta miƙa ɗan yatsa.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Da fari bai gane ba. Sai da ta kai biyar ya juyo.

"Shida. Bakwai!" Yatsan ya tsaya a kan Wule, saniya mai farin goshi da tsohon ciki. "Kaka, shanunka bakwai!"

"A'uzu billahi! Sauke hannun nan!"

Tsawar ta sa Ikilima sakin muciya. Ta fito da gudu ta tarar da Dija tsaye tana hawaye, tsohon kuma yana tofa addu'a yana shafa bayan saniyar. Ta durƙusa nesa da shi ta sunkuyar da kai.

"Baffa, a yi haƙuri. Yarinta ce."

Bai dube ta ba. Tunda aka kawo ta gidan bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba, yau ma da katanga ya yi.

"A tambayi matar gidan nan, wa ya ce ta koya wa jikata sa wa dukiya baki? Uwata ta rayu ta mutu ba ta san yawan 'ya'yanta da baki ba."

"Ba za ta sake ba, Baffa."

"An riga an yi."

Ikilima ta ja 'yarta ɗaki, ta share mata hawaye, ta ce Kaka tsoro kawai ya ji, ba abin da zai faru. Har dariya ta ƙaƙalo. A ranta kuwa roƙo take, Allah Ya sa ko kaza kada ta yi tari a gidan nan kafin Asabar.

Ran Laraba Wule ta ƙi cin dusa. Cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ta daina tuƙa, sai yawu ke dalala. Baffa ya ɗura mata jiƙon saiwa, ya ɗura mata man gyaɗa, ya zauna a gefenta yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa. Manga ya ajiye keke ya ɗauko mai allurar dabbobi, mutumin ya danna cikin ya girgiza kai. Washegari da rana tsaka ta kwanta ta miƙe wuya, dole aka kira mahauci kafin ta zama mushe.

Da aka farka tumbin, sai ga leda. Baƙa da fara, ta ruwa da ta burodi, ta murɗe ta dunƙule wuri guda kamar tulu, har da guntun igiya. Mahaucin ya ɗaga ta da hannu biyu yana tsaki. A gefe kuma ga ɗan maraƙin da bai ga duniya ba, shi ma da farin goshi.

Ikilima na bayan zana tana leƙe, zuciyarta ta yi sanyi. Ga hujja a fili, kowa ya gani.

"Baffa, duba," in ji Manga. "Leda ce ta toshe ta. Wannan ai ta fi shekara tana taruwa."

Tsohon ya dubi tulin ledar.

"Sauran ba su ci leda ba?"

"Sun ci mana, amma..."

"Tun da muka shigo garin nan leda suke kiwo, ciyawar garinku ke nan. Duk sun ci. Me ya sa sai wadda yatsa ya tsaya a kanta?"



"Kakar kakarta uwata ce ta ba ni ranar da aka yi min kaciya," in ji tsohon. "Yau zuri'ar ta ƙare, uwa da ɗa. Ban ce yarinya mayya ce ba. An dai koya wa bakinta abin da ba shi da kyau. Daga yau ba ƙirga a gidan nan, ba boko, sai in na mutu."

Ikilima ta juya za ta koma madafa, sai ta yi karo da Dija. Ashe tun ɗazu tana nan a laɓe, idonta a kan maraƙin, hannuwanta biyu ta cusa su a hammata.

Da la'asar Ikilima ta tare mijinta a zaure.

"Baban Dija, da idonka ka ga ledar nan."

"Na gani."

"To ka ce wani abu mana! Jibi ne fa."

"In ce me? Mutum ya rasa abin da ya fi ƙauna, in je in ce masa tsohon banza ne? Ki bari ƙura ta lafa. Baɗi ma shekara ce."

"Baɗi ta wuce shida. Ba za su ɗauke ta ba."

"To Allah bai yi ba ke nan." Ya tada keke ya fice.

Ita dai ba ta haƙura ba. Ran Juma'a, da maza suka tafi masallaci, ta sa sakata, ta kwance bakin zanenta ta zube ƙwallayen tsamiyar a kan gado. Dija ta ja baya har ta jingina da bango.

"Zo mana. Ba kowa."

"Dada, ni na kashe Wule?"

"Leda ce ta kashe ta. Ke ma kin gani."

"Kaka ya ce duk sun ci."

 Yarinyar ta dubi ƙwallayen.

"Su waɗannan suna mutuwa?"

"Ƙwallon tsamiya? Ina! Ai ba rai gare shi ba."

Sai Dija ta matso, ta ɗauki ɗaya, ta fara da raɗa. Ta kai ashirin ba tuntuɓe. Ikilima ta rungume ta har ta ce wayyo. In dai aka rubuta sunan yarinyar aka ba ta riga, a tunaninta, tsohon zai yi faɗa ya gaji.

Asabar da safe ta ce za ta kai Dija gaida kakarta ta wajen uwa. Suka bi ta lungu suka haɗu da Beatrice da Noah a bakin titi. Noah na tafe yana rera ƙirgarsa.

Harabar makarantar cike take da iyaye mata, kowacce riƙe da hannun nata. Madam Lois, doguwa mai tabarau a kan hanci, tana zaune a inuwar mangwaro, an jera yaran da ke jiran layi a kan dogon benci a gabanta. Ikilima ta lura da yadda take gwajin. Madam ba ta yarda da hadda ba. Ta ce yara da yawa suna rera lamba kamar waƙa ba su san me take nufi ba. Don haka kowane yaro sai ya bi bencin yana taɓa kan 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa.

Aka kira Noah. Ya bi layin yana dungurin kawuna yana dariya, ya tsallake sha bakwai, ya dawo ya gyara. Madam ta ce ya wuce. Beatrice ta yi guɗa, ya koma bakin benci ya zauna yana ɗaga wa Dija gira.

"Kadijatu Manga!"

Dija ta fito.

"Yauwa, 'yar kyakkyawa. Ƙirga min yaran nan. Fara daga abokinki."

Dija ta dubi Noah. Ta dubi sauran, wata da kitso biyu, wani da majina. Ta mayar da hannuwanta baya ta sarƙe yatsunta, ta datse leɓe.

"Kada ki ji tsoro. Ɗaya..."

Dija ta sunkuyar da kai.

"Dija!" in ji Beatrice. "Kai da kake cika mana kunne kullum? Yi mana!"

Noah ya miƙo kansa. "Taɓa mana, ba ƙwarkwata!" Yara suka kwashe da dariya. Dija ta girgiza kai, hawaye ya gangaro, ta ƙara ja baya.

Ikilima ta kutsa gaba tana kwance bakin zane, ƙwallayen suka zube a ƙasa.

"Madam, don Allah ki gwada ta da waɗannan. Wallahi ta iya. Mutane ne ba ta ƙirgawa."

"Me ya sa?"

Ikilima ta ga idanun matan duk a kanta. Ta ce me? Ta ce a gidansu an ce bakin 'yarta na kisa? Kafin azahar zancen ya karaɗe Majidaɗi da Barade, kuma ba uwar da za ta sake barin ɗanta ya zauna kusa da Dija.

"Kunya ce da ita," ta ce.

"Mama, kowa da abu ɗaya na gwada shi. In na canza wa taki, sai na canza wa duk waɗannan. Kuma a aji da mutane za ta zauna." Madam ta sake duban yarinyar, ta ba ta ɗan lokaci. Dija ba ta motsa ba. "Ku yi haƙuri. Na gaba!"

Ba su jira Beatrice ba. Ƙwallayen ma a nan Ikilima ta bar su, takalman mutane na bi ta kansu. Suka kama hanyar Barade a ƙafa, rana ta fara zafi, kekuna na wucewa suna yi musu hon. Wata akuya na gefen kwata tana taunar baƙar leda. Ikilima ta kawar da kai.

Sun yi nisa Dija ta ja zanenta.

"Dada."

"Na'am."

"Ban ƙirga Noah ba. Ko a zuciyata ban yi ba, na rufe ido."

Ikilima ta tsaya. Maganganu suka zo mata baki, na leda, na tsohon, na makarantar da ta tafi ke nan. Ta dubi fuskar 'yarta, ta ga amsa ɗaya kawai take jira.

"Ba abin da zai same shi ko, Dada?"

"Ba abin da zai same shi."

Dija ta sauke ajiyar zuciya, ta share fuska da bayan hannu, ta yi murmushinta na farko tun ranar da aka yanka saniyar. Ta kama hannun uwarta tana jan ta gaba.

"Mu yi sauri, Kaka na jiran in riƙe masa ƙwarya."