Ranar da Teku Ya Zagayo ta Baya

Tun jiya da la'asar da suka sauka a Jambiani, wani ƙauyen bakin teku, Yustina ba ta zauna minti goma cur a kujera ba. Hutu aka ce an zo yi, amma ita in ba tana shafa wa 'yarta Nyanjige mai ba, to tana kakkaɓe yashi daga kunnen Shija, autanta ɗan shekara uku. 'Yar Dodoma ce, ruwan da ta saba da shi bai wuce na bokiti ba, kuma ta riga ta rantse ko ɗan yatsanta teku ba zai taɓa ba.

Mijinta Masanja kuwa, sai dai a yi haƙuri da shi. A bakin tafkin Mwanza aka haife shi, ubansa masunci ne, kuma ba ka zama da shi rabin awa ba ka ji wannan labarin ba.

Da hantsi suka fito suka tarar teku ya tafi abinsa. Ruwan da jiya yake dukan katangar masauki ya koma can nesa, ya bar fili fetal. Mata suna zaune a ɗan ruwan da ya rage, suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyi. A can gaba da su akwai wani farin tudun yashi yana ƙyalli.

"Baba, mu je can!" in ji Nyanjige, 'yar shekara shida, tana tsalle. "Zan ɗebo katantanwa."

"Baban Nyanjige, ai da nisa," in ji Yustina. "Ruwan nan fa dawowa zai yi."

"To in ya dawo ba da ido zan gan shi ba? Haba, Maman Nyanjige! Ni da na koyi iyo kafin tafiya? Ki zauna ki yi mana gadin takalma, sarauniyar tudu."

Ya saɓa Shija a wuya, ya kama hannun yarinyar, suka tafi.

Ta zauna, ta tashi. Ta ninke tawul, ta warware, ta sake ninkewa. Ta sayi kwakwa ta kasa sha. Akwai wani baƙin dutse a tsakanin gaɓa da inda matan suke ɗaure ciyawa, shi ta sa wa ido, don ba ta da wani abin da za ta auna da shi. Su Masanja suka yi ta ƙanƙancewa har sai jar rigar Nyanjige kaɗai take iya ganewa.

Can sai matan suka miƙe gaba ɗaya, ba tare da wani ya kira su ba. Suka aza buhuna a ka, suka kamo hanyar gida a jere, ba sa ko hira. Yustina ta miƙe tsaye. Ta waiwaya wajen dutsen nan, babu shi. Ta kira wayar Masanja, sai ga ta tana kuka a cikin jaka kusa da ƙafarta.

Wata tsohuwa ce ƙarshen fitowa, wadda ta ji matan suna kira Bi Mwatima. Ta tsaya tana haki, ta nuna tudun da haɓa.

"Wancan mai yaran, na wane ne?"

"Mijina ne, Iya. Ya ce ya san ruwa, ɗan Mwanza ne."

"Tafki!" Tsohuwar ta yi tsaki. "Wallahi na faɗa masa ya juyo, ya yi mini dariya har da gaisuwa. 'Yata, shi gaba yake kallo, yana jiran ya ga ruwa ya taho. Namu ta kwarin nan na tsakanin tudun da gaɓa yake zagayowa ya tare mutum ta baya. Kwalekwale kuwa duk sun tafi kamun kifi."

Ta jefar da buhun. "Taho. Hanya na sani, amma ƙarfin ɗaukar yaro ya bar ni. Shi kuma ba zai iya da biyu ba."

"Iya, ban iya ruwa ba."

"Wa ya ce ki iya? Kama bakin zanena, inda na taka ki taka."

Yustina ta shiga. Ruwan ɗumi gare shi, abin da ya ƙara tsorata ta ke nan. Ya kama idon sawu, ya kama gwiwa. Da suka gangara kwarin sai ya kai ƙugu, yana janta gefe kamar wani ya riƙe mata siket. Ta kafa ido a ƙeyar tsohuwar, tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

A tsakiyar kwarin suka same shi. Ya baro tudun, amma ya miƙe ta wajen zurfi, kuma ya taka ƙayar teku, ƙafa ɗaya kawai yake dogarawa. Nyanjige tana maƙale a wuyansa tana ihu, Shija a hannu ɗaya, ruwa yana dukan haɓar yaron. Fuskar Masanja ta yi fari fat. Yustina ba ta taɓa ganin mijinta haka ba, kuma ba tausayinsa ta ji ba, haushi ta ji.

"Maman Nyanjige, ke ce? Ruwan ne ya..."

"Ba ni ɗana."

Ta fizge Shija ta aza a kafaɗa. Yaron ya cusa yatsu a gashinta, ko kuka ya kasa yi.

"Kai, masunci, biyo bayan matarka," in ji Bi Mwatima. "In ka kauce, ni ba zan dawo ba."

Haka suka fito a jere, tsohuwa a gaba, ruwa har ƙirjin Yustina, Masanja yana ɗingishi a ƙarshe. Da suka taka busasshen yashi ta waiwaya, tudun nan ko alamarsa babu. Nyanjige ta buɗe hannu, katantanwa ɗaya ce ta rage, ta miƙa wa tsohuwar. Bi Mwatima ta karɓa, ta ce a jiƙa ƙafar Masanja da ruwan zafi, ta ɗauki buhunta ta wuce.

Yustina ta sauko da Shija daga kafaɗa zuwa ƙugunta. Masanja ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya miƙo hannu biyu.

"Kin gaji. Kawo shi in riƙe miki."

Ta dube shi, ta gyara wa Shija zama a ƙugunta, ta jawo Nyanjige jikinta da ɗaya hannun.

"Ga takalma can," ta ce. "Su za ka riƙe."